Abincin Rana a Ɗakin Ba'indiya

Hyattsville, 20 ga Yuni, 2012

Zuwa ga aminiyata Hajiya Zulai,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Kazaure. Ya gwiwar taki? Har yanzu tana kuka kamar ƙyauren tsohon shago, ko kin haƙura kin bar wa yara daka? Ni ƙalau nake, sai hawan jinin da kika sani. Ɗana Ladan da matarsa Aminat suna gaishe ki, jaririnsu Khalil ya yi ɓulɓul.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san iyakata ajin yaƙi da jahilci. Na ƙi kiran ki a waya ne don bangon gidan nan na Amurka kwali ne, in ka yi atishawa a ɗaka daga kicin za a yi maka addu'a. Mu'awiya ɗan Alhaji Mamuda, mai aiki a filin jirgi, zai taho gida jibi, shi zai kawo miki wannan.

Zulai, a tsorace nake. Umaima ce, babbar jikata, 'yar shekara goma sha biyar. Da na zo a watan biyu na same ta cikakkiya, kumatu luhu-luhu, jikin gidanmu sak, har na sa mata suna Randa. Yau in kin gan ta sai kin yi salati. Ramin wuyanta zai ɗauki ruwan alwala. Ga zafin garin nan jiƙaƙƙe, kamar an kifa wa mutum madambaci, amma ita da rigar sanyi take yawo, hannunta kuwa kamar ƙanƙara.

Na yi wa Ladan magana, ya ce haka 'yan matan nan suke yi, zai wuce. Ka ji mutumin da yake karanta wa duniya labarai a rediyo, bai san labarin gidansa ba. Aminat kuma ta koma aiki a kantin magani, ga goyo. Shekaranjiya ina neman tsintsiya na buɗe kabad ɗin yarinyar, sai ga tuwona malmala huɗu a ƙulle cikin leda, har sun yi gashi. Ashe in ta ce za ta ci a ɗaki, kabad take ciyarwa.

Ga wadda nake zargi. Akwai wata tsohuwar Ba'indiya a benen samanmu, Olive, 'yar firit kamar an fige zabuwa. Kullum Umaima ta dawo makaranta can take hawa. Na leƙa sau ɗaya na ga tana ba ta wani farin ruwa da ganye a ciki. Kin san Indiyawa da surkulle. Matar da ita kanta ba ta da tsokar kirki, me za ta ba 'yar mutane in ba abin tsotse jiki ba?

Na yi wa yarinyar tsiya iya tsiya ko za ta ji haushi ta ci. Na ce iska za ta ɗauke ta ta jefar a Baltimore, na ce karan dawa ya fi ta mazaunai. Ba ta ramawa. Hausar tana ji, amma iyakarta ta ce “Oke, Kaka,” ta shige ɗaki.

Don Allah ki sa Malam ya yi mata rubutu, ki ba Mu'awiya in zai dawo. Kada ki faɗa wa kowa, kin san bakin mutanenmu.

Taki har kullum,
Yahanasu

Hyattsville, 15 ga Yuli, 2012

Aminiyata Zulai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam, da fatan damina tana kyau. Rubutun ya iso, Allah ya saka da alheri. Amma abin ya riga mu.

An yi wata guguwa ƙarshen watan jiya, ta kayar da bishiyoyi, wuta ta ɗauke mana kwana huɗu. E, a Amurka, kada ki yi dariya. Ba fanka, ba firij, gida ya zama tanda. Ranar Litinin da tsakar rana, iyayen suna wurin aiki, ina goye da Khalil, na ji wani abu ya faɗi a matakala kamar an yar da damin itace. Umaima ce. Idonta ya juye, leɓenta ya yi fari. Zulai, ni da na wanke gawa ta fi ashirin, na tsaya ina ihu da Hausa a ƙasar da ba mai ji na.

Ba'indiyar nan ce ta sauko a guje ba takalmi. Ta ɗaga ƙafafun yarinyar, ta kama wuyan hannunta tana duba agogo, ta kira motar asibiti. Da yarinyar ta farfaɗo ta riƙa ɗura mata farin ruwan nan da cokali. Na fizge kofin na ɗanɗana don in kama ta da hannu dumu-dumu. Zulai, tsala ce. Tsalar nono da gishiri da citta. Ashe matar shekara talatin ta yi tana aikin nas.

Kwana uku Umaima ta yi a asibiti. Likita ta ce zuciyarta ta rage gudu saboda yunwa, irin wannan ciwo yana kashe 'yan mata suna tafe da ƙafarsu. An sallamo ta da sharaɗi: duk Alhamis za a ɗora ta a sikeli, kuma za ta riƙa ganin wata mai jin damuwar yara. In ta sake raguwa ko da laba ɗaya ce za a kwantar da ita, a zura mata roba ta hanci.

Na ɗauki alhakin Olive. Wata uku ke nan ba abin da yake shiga cikin yarinyar sai abin da ta ci a wajenta. Ita ce ta fara ganewa, ta je ta sami Ladan tun a watan biyar, ya yi mata godiya ya manta. Sai ta yi wa yarinyar dabara. Ta nuna mata hotonta na da, wata dirkekiyar mace kamar ni, ta ce da ciwon suga ya kashe mijinta ta koma cin abincin uwarta na can yankinsu Kerala, ta sauke jiki a hankali cikin shekara biyu, yau shekara goma bai dawo ba. Ta ce sirrin shi ne ba a tsallake abinci ko sau ɗaya. Da sunan rage ƙiba Umaima take buɗe mata baki.

Yanzu ga babbar maganar. Likita ta tambayi yarinyar yaushe ta fara ƙin abinci, ta faɗi ranar ba ko tunani: ranar sunan Khalil. Aminat ce ta gaya min, kanta a ƙasa, tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Ranar an kama wani zaure a Landover, mata sun cika. Umaima ta zo wucewa da faranti, na kamo zanenta na ce, “Ku ga Randata. In za mu Kano sai ubanta ya kama kujera biyu a jirgi, ɗaya tata, ɗaya ta mazaunanta.” Aka yi ta dariya. Wata yarinya ta juya wa sauran da Turanci, kafin Litinin maganar ta isa makarantarsu.

Zulai, ke shaida ce, me na yi wanda kakanninmu ba su yi mana ba? Kakata Inna Dudu kwaɗo take ce min har na yi aure, ni kuma in ce ta yi ta mutu mu sha gumba, mu kwashe da dariya ta ba ni ƙuli. Jikar da ba a tsokana ai ba a son ta. Ban san ba wanda ya taɓa gaya wa yarinyar nan cewa wasa ne ba. Ta ɗauka kakarta ta tso daga Najeriya ta dube ta ta faɗi gaskiya. Da ta rame kuma na bi ta da karan dawa.

Ga azumi saura kwana biyar, yini a nan awa goma sha shida. Likita ta hana ta, ita kuwa ta kafe sai ta yi. Na san ba lada take nema ba. Wata guda ne da ba mai ce mata ci.

Ki yi mana addu'a. Ban iya barci ba, ban iya tsiya ba, ban san me na iya ba.

Taki,
Yahanasu

Hyattsville, 8 ga Agusta, 2012

Zulai 'yar uwata,

Sallama da gaisuwa. Ya ibada, ya ƙishirwa? Allah ya karɓa mana. Ki gaida Malam, amma wannan takardar kada ki ba shi ya karanta miki, ki nemo tabaranki ki yi fama da kanki.

Ba na azumi.

Na san kin ajiye takardar kin dafe ƙirji. Ni Yahanasu, da tun ina 'yar sha uku ban sha azumi da ganganci ba, ni da nake yi wa masu ciwon olsa dariya. Tsaya ki ji.

Kwana biyun farko Umaima ta ƙi cin komai da rana. Ta ce ba za ta zauna tana tauna ita kaɗai a gidan da kowa yake azumi ba. Olive ta hau da ita sama, yarinyar ta zauna gaban kwano ta ƙi taɓawa, ta ce Olive ai Kirista ce, ba ta san kunyar ba. Alhamis tana matsowa, ni kuwa robar hancin nan nake gani ko ina cikin salla.

Rana ta uku na sa Ladan ya kira min limamin masallacin Sterling. Ya ce dama mai shekaruna da hawan jini tana da uzuri, balle ga rai a gaba, in sha, in biya da sanyi in na samu iko. Shekara nawa Aminat tana gaya min haka ina ce mata likitan bokan Turai.

Da azahar na shiga ɗakin yarinyar na durƙusa. Kin taɓa jin kaka ta durƙusa wa jika? Gwiwata ta yi ƙara har ta zabura. Na ce mata ƙarya na yi ranar suna, kyanta ne ya cika min ido, mu kuma haka muke faɗin so, a karkace. Na ce ta yafe min. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai yi kuka, ta ce da Hausarta mai tsallen kwaɗo, “Kaka, kowa ya yi dariya.” Na ce tashi mu hau sama, yunwa nake ji. Ta ce ai ina azumi. Na ɗauki ruwan da ke gefen gadonta na shanye tana kallo.

Yau kwana goma sha takwas kullum muna sama mu uku. Bari in ba ki labarin abincin, don na san ki da kwaɗayi. Akwai wanda suke kira kanji, shinkafa ce ja a dafa ta ruwa-ruwa kamar kunu, da wani ɗan mitsitsin koren wake. Sai gurji da nono, sai kabewa da kwakwa, wani lokaci ɗan kifi. Mai kuwa cokali ɗaya, kamar ana ɗiga maganin ido. Zogale suna ci, har da sandunan 'ya'yansa da muke bar wa awaki, a tsotse a yar da ɓawon. A ƙarshe kofin tsala. Olive ta ce da zafi ba a soye-soye, babban ci da rana ne, a zaune, da hannu, a tashi da sauran wuri a ciki. Na ce Umaima ta gaya mata wannan malamanmu sun riga ta faɗa. Ta ce a gaya min to me ya hana ni ji? Kin ji 'yar firit da baki.

Abin haushi, ni da aka kawo rakiya zanena ya fara yi min yawa, kumburin ƙafata ya saɓe. Kwanon Umaima kuwa Olive tana ƙara masa nono mai kauri da ayaba da man shanu yadda likita ta rubuta, kuma ba a ɓoye ba, a gabanta take zubawa. Ta ce an gama yi mata dabara, yanzu sai gaskiya. Wata rana ta ci, wata rana mu yi awa biyu a kan rabin kwano tana hawaye. In na kai loma ta kai, in na tsaya ta tsaya, don haka nake ci a hankali kamar amarya a gidan miji. Kin san abin da ya fi azumi wuya? In ga abin tsiya ƙuru-ƙuru in haɗiye.

Alhamis ta farko sikeli bai motsa ba. Ta biyu ya ƙaru da laba ɗaya, washegari da ƙyar ta hau benen. Likita ta ce kada mu saki jiki, abin yana ɗaukar shekara, yana kuma dawowa. Gobe ta uku.

Da niyyata bayan salla zan taho. Jiya muna saukowa Umaima ta riƙe min gyale ta ce, “Kaka, in kin tafi wa zai ci da ni?” Na sa Ladan ya ɗaga tafiyar, ya nema min ƙarin zama. Ki gaya wa Ɗanliti ya ci gaba da kula min da awaki, ban san ranar dawowa ba.

Zan tsaya nan. Sha biyu ta wuce, na ji Umaima ta buɗe ƙofarta tana tsaye a bakin matakala. In na bar ta ta jira minti biyar sai ta ce ta ƙoshi.

Taki mai neman addu'a,
Yahanasu