Baba Ya Daina Kama Ni

Zuwa ga Yayata, babbar gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya sa aikin da ya kai ku can ya yi albarka. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni allo na riƙe, bokon nan a waya na tsince shi, in kin ga harafi ya kwanta ki tashe shi da kanki. Mu nan kowa na nan. Gwaggo na fama da gwiwarta, kullum sai ta ba mu labarinta kamar baƙuwar da ta zo kwana biyu ta ƙi tafiya. Auta ta yi tsawo, ta gaje takalmanki, har hararar nan taki ta gada. Ni kuma ina wajen mai walda. Ya ce hannuna ya fara faɗawa, bakina ne dai har yanzu bai faɗa ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Na farko, Baba yanzu kunnensa ya fi na kowa, ko a bayan gida na yi raɗa sai ya ji. Na biyu, da kin ji muryata kike fara dariya, tun ranar da na ce miki Gwaggo ta samu miji kika aiko da atamfa. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko kya ga wahalar da na sha ki san yau ba wasa ya kawo ni ba, ko da yake da labarin wasa zan fara.

Kin tuna tsohuwar kwamfutar da Mai Gilashi, wato mijinki, ya bar mana da za ku tashi? Akwai wani wasa a cikinta. Wani ɗan mutum ne a sararin samaniya, ba ƙasa ba gari, sai manyan duwatsu na yawo a duhu. Za ka je da injin haƙa ka fasa dutse, ka kwaso abin da ke ciki, ka kai tukunya a narka, da shi za ka gina ɗaki da mota mai tashi. Ni na fara bugawa. Bayan rasuwar Inna, Baba ya daina zaman ƙofar gida, in ya dawo daga aiki sai ya zauna a falo yana kallon bango. Wata rana ya tsaya a bayana ya ga na maka motata a jikin dutse, ya ce ko jaki aka ba sitiyari ya fi ni, in tashi. Tun daga ranar kujerar ta zama tasa. Da ma kin gan shi, Yaya. Mutumin da ya tsufa yana jan motar ma'aikata, ga shi a sama inda babu kowa, amma sai ya yi bisimilla kafin ya tayar, ya rage gudu tun daga nesa, har hannunsa na laluben hon.

Duk rubutun wasan da harshen da ba ma ji aka yi shi, don haka da ido muke aiki. Kowane ma'adini da launinsa, Baba kuma ya raɗa musu suna. Ja mai duhu kamar tsatsar tsohuwar ƙofa, shi ne ƙarfe. Akwai wani mai ruwan ƙasa da ke kama da shi, da shi ake haɗa inji, wannan Ƙanin Ƙarfe ne. Mai shuɗi-shuɗi ya ce masa Marowaci, don sai ka fasa rabin dutse ka samu ɗan kaɗan. Baƙi mai sheƙi shi ne Gawayi, shi ke ba gidan wuta. Amma babbar ita ce ƙanƙara, fara mai ɗan shuɗi a gefe, domin ita ake zubawa a injin da ke fitar da iskar da ɗan mutumin ke shaƙa. In ta ƙare, ya mutu. Sai kuma wani farin dutsen banza da ke kama da ita, ba ya komai sai cika akwati, Baba ya sa masa Munafuki. Muka raba aiki, shi ke fita nema da haƙa, ni nake gini. Ya jera akwatuna a gidanmu na sama, kowane ma'adini da nasa, kamar yadda yake jera sifanoninsa. Motar haƙar da muka daɗe muna haɗawa kuwa, ya ce sunanta Uwar Yara. Kin san wa yake kira haka. Ranar ce kaɗai na riƙe bakina.

To kin san halina. In ya tashi alwala sai in yi maza in musanya kayan akwatunan, in sa Ƙanin Ƙarfe a gidan ƙarfe, in ɓoye Marowaci a ƙarƙashin tsakuwa. Da ya dawo ya buɗe, kallo ɗaya yake yi wa ɗan hoton, ya cire hularsa ya kwaɗa min a ƙeya, ya ce ɓarawon da ya fi ni ma ya kama a tasha. Bai taɓa kuskurewa ba. Gaskiya don hular nan nake yi, domin lokacin ne kawai nake jin dariyarsa irin ta da, wadda take ƙarewa da tari.

Kwanakin baya, da la'asar, ya shirya tafiya mai nisa neman Marowaci. Ya tashi salla, na kwashe ƙanƙarar da ke akwati na cika shi da Munafuki. Ya dawo ya buɗe, na riga na sunkuyar da ƙeya ina jira. Sai na ga ya kwashe ya loda a Uwar Yara, ya yi bisimilla ya tayar. Na ce a raina tsoho ya gano, so yake ya rama, sai na yi shiru in ga inda zai ɓullo. Ya yi nisa har gidanmu ya ɓace. Iska ta fara ƙarewa, allon ya yi ja, ya ɗebo farin dutsen yana zubawa a inji, injin na ƙi, yana sake zubawa. Lokacin da na ce masa Baba wasa nake, ba ƙanƙara ba ce, babu sauran hanyar komawa. Ɗan mutumin ya mutu. A wasan in ka mutu sai ka farka a gida, amma motar tana can inda ka bar ta, mu kuma ba mu iya sa wa wuri alama ba. Uwar Yara ta tafi ke nan, tana yawo a duhu har yau. Baba bai taɓa hularsa ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce ba laifina ba ne, shi ne bai duba da kyau ba. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Daga ranar na sa masa ido. Na ga in zai duba dutse sai ya kai fuskarsa har tana neman taɓa allon, ya runtse ido ɗaya. Na ga ya koyi wata dabara, sai ya tambaye ni me na gani, kamar malami na gwada ɗalibi, in na faɗa ya ce madalla, na fara hankali. Na gwada shi sau ɗaya, na nuna masa Ƙanin Ƙarfe na ce ƙarfe ne, ya ce madalla. Ban sake ba. Sai abubuwan da na daɗe ina gani ban kula ba suka dawo min. Shayin da yake zubawa a gefen kofi ya ce hannunsa ne ya zame. Maƙwabcinmu tela da ya ɗago masa hannu daga tsallaken titi bai amsa ba sai da ya yi magana. Carbinsa da ya faɗi a kan darduma yana lalube, alhali ga shi a gabansa.

Sai na ce masa mai walda ya aike ni wajen ma'aikatarsu, ya rage min hanya. Na zauna a gaba kusa da shi. Yaya, motar cike take, maza da mata, wasu na gyangyaɗi, wata na goye da jariri za ta ajiye wajen 'yar uwarta. Baba hanyar yake ja da ka, ya san kowane rami da kowane kwalbati, in ba ki sani ba sai ki ce babu direba kamarsa. Amma da muka zo danja na ga abin. Ba fitilar yake kallo ba, motar gefensa yake jira, in ta motsa ya motsa. Inda babu mota a gefe kuwa, sai na baya ya danna masa hon. A kwanar ma'aikata wani mai keke ya fito daga hagu, ni na gan shi tun daga nesa, Baba bai taka birki ba sai da na riƙe masa hannu. Madubin gefe ya shafi kafaɗar mutumin. Fasinjoji suka hau zagin mai keke, suna cewa bai san hanya ba. Baba ya ja motar muka wuce.

Da yamma na yi masa magana, da ladabi, wallahi ban sa wasa ba. Ya ce tun kafin a haife ni yake jan mota, hayaƙin hanya ne ya dame shi, zai wuce. Na nace, sai ya rage murya ya ce in kamfani suka ji, makulli za su karɓa, in kuma suka karɓa me zai yi, ya zauna a ɗakin nan ya riƙa kallon gadon Inna? Ya ce kada in kuskura in gaya miki. Ga shi na gaya miki, ya kwaɗa min hular in ya so, ni ma nemanta nake. Gwaggo kuwa da na ɗan taɓa mata zancen, ta ce kwamfutar ce ke cin idonsa, a sayar a huta. Ba ta san ita ce ta tona abin ba, kuma ita kaɗai ke fito da shi daga ɗaki. Na je wajen mai kemis na bayan layi na kwatanta masa ba tare da na faɗi ko wane ne ba. Ya ce shi ba zai ba da magani a kan labari ba. Ya ce in yanar ido ce, ana cirewa mutum ya koma gani. Amma akwai wani ciwon da ke cin ido a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa, sai dai a tare saura. Ba mai iya bambancewa sai likitan ido, kuma jira ba ya taimakon ko ɗaya.

Yanzu kullum da safe ina bin sa. Na ce masa tuƙi nake son koya, ya san ƙarya ce, na san ya sani. Ina zaune a gefensa ina surutuna na banza, a ciki nake sako cewa danja ta ba da hannu, ga mai kura can a dama, ga yara za su tsallaka. Fasinjoji na dariya suna cewa ɗan direba ya cika baki. Amma Yaya, idona biyu ne kawai, kuma ƙafar da ke kan birki ba tawa ba ce. Ba zan iya zuwa kamfani in kai ƙarar ubana ba, ba zan iya jan sa asibiti ba. Ke kaɗai yake jin kunya. Ke ce kika sa shi ya daina taba da magana ɗaya. Ki nemi izini wajen Mai Gilashi ki zo, ko na 'yan kwanaki ne, ki kama hannunsa ki kai shi a duba. In Allah ya sa yana ce, a cire ya koma kan sitiyarinsa da mutuncinsa. In ɗayan ne, gara makullin ya fita daga hannunsa a gabanki, a cikin gida, da a karɓe shi a bakin titi jama'a na kallo.

Mun fara haɗa wata motar haƙar, amma bai sa mata suna ba. Jiya ya fita nema, ina tsaye a bayansa. Ya haska fitila a jikin wani dutse ya tambaye ni mene ne, wannan karon ba da muryar malami ba. Na ce ƙanƙara ce. Bai matso da fuska ba, bai runtse ido ba, ya kunna inji ya fara haƙa. Kin san duk gidan nan babu mai karɓar maganata sai ya juya ta ya duba bayanta, Baba ne kan gaba. Na daɗe ina cewa wata rana sai na yi masa wayon da ba zai kama ba. Ban san haka abin yake ba.

Ki gaida Mai Gilashi, ki ce masa kwamfutarsa ta yi aikin da bai saya ta don shi ba. Ki shafa min kan Sarkin Kuka da Mai Kumatu, ki ce kawunsu na nan bai shiryu ba. Gwaggo da gwiwarta suna gaishe ki, Auta ma haka, ita ba ta san komai ba tukuna. In kuma har yanzu zuciyarki na ce miki wani shirin nawa ne, ban ga laifinki ba. Ki kira shi ta wayar da ake ganin juna, ki yafa koren mayafin nan da ya saya miki da kansa, ki tambaye shi ko ya gane shi. Ki lura da kyau, za ki ga ya waiwayo yana nemana.

Allah ya kawo ki lafiya, ya sa mu ga alheri.

Ni ne ƙaninki,
wanda kike kira Ɗan Neman Magana