Ni Na Sayo Mata Ƙwayoyin Ƙiba

Gwaggo Mero, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfin zuciyata. Ni manomi ne a wajen Cadawa, shekara goma sha shida da aurenmu da Barira. Siririya na auro ta, dangina suka sa ni gaba da gori, wai ba na ciyar da ita. Wata ranar kasuwa na sayo mata ƙwayoyin ƙiba wurin mai tallan magani. Ta ce ba ta so. Na yi kwana biyu ina fushi, ta sha don ta faranta mini. Ta yi jiki, gori ya mutu, ni kuwa har da taƙama.

Bara ta fara ciwon kai da jiri, muka ce zafin rana ne. Da kakar bana tana cikin sussuka ta yanke jiki ta faɗi. Muka kai ta asibiti, lokotoro, wato likita, ya ce tansiyo ne, hawan jini, kuma da hannun ƙiba a ciki. Yanzu hannunta na dama ba ya motsi, magana sai da ƙyar. Da ya tambaya ko akwai maganin da take sha, ta dube ni, na sunkuyar da kai, ta ce babu. Har yau tana sha, don in ta daina jikinta mutuwa yake. Na kasa haɗa ido da ita. Gwaggo, ni na jawo mata? Yaya zan yi?

Mai nadama, Cadawa

Ɗana, na ji kukanka. Ba zan ce ba ka da laifi ba, amma masu gori ma suna da nasu kason, kuma gado da yawan gishiri su ma suna kawo hawan jini.

Kitsen tumbi ba ajiya ce kawai ba. Masana na ganin yana sakin wasu sinadarai cikin jini masu kumbura hanyoyinsa, su ƙuntata, sai zuciya ta riƙa turo jini da ƙarfi. Wasu ƙwayoyin ƙibar ma da kansu suna ɗaga jini.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun da kake yi yanzu, don lokotoro yana magani ne a cikin duhu. Gobe da safe ka kai masa kwalin ƙwayoyin, ka faɗi gaskiya da bakinka. Kada ta daina sha farat ɗaya, akwai haɗari. Shi zai rage mata sannu sannu. A rage gishiri, mai da dunƙulen miya, a yawaita zogale da tafasa. Kullum ka riƙe ta ku ɗan zagaya tsakar gida.

Sannan ka zauna gabanta ka nemi gafara, ba ta bakin kowa ba. Tana raye, ɗana, wannan dama ce da wasu suka rasa. Allah ya tashi kafaɗunta, ya sanyaya zuciyarka.