Tokar Babanmu da Ƙarfe Biyun Rana

Anti Bev, ki taimake ni kafin Asabar, in ba haka ba ni da yayata Raelene mun raba gari har abada.

Babanmu ya rasu makon jiya. Shekara hamsin yana hawan igiyar ruwa a bakin dutsen da ke kudu da garinmu, nan kuma ya ce a zuba tokarsa bayan an ƙona gawarsa. Kin san yadda ake yi: abokansa su hau allunansu na hawan igiya su shiga can cikin teku bayan igiya, a yi da'ira, a watsa toka da furanni. To Raelene, wadda ta yi shekara ashirin a ofis a birnin Canberra, nesa da teku, ita ta sa lokaci ba ta tambayi kowa ba, wai ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana. A daidai lokacin ruwa zai gama janyewa, duwatsu duk a waje, igiya ta mutu. Ga iskar teku da ke tasowa da rana ta dagula komai, tokar ma a fuskokinmu za ta dawo. Abokan Baba dariya za su yi mana.

Da bakwai na safe kuwa ruwa na cika, iska daga tudu take busowa, igiya ta miƙe sumul. Lokacin Baba ke nan. Tun ina ɗan shekara shida muke fita tare, ita tana mota da tawul tana jiranmu, don Baba ya ce ba harkar mata ba ce. Me ta sani? Na tura mata jadawalin cika da janyewar teku, ta ce ta gani. Na kira ta jahila, ta kashe waya. Tulun tokar yana gidana, kuma raina yana ce min in fita da shi da safe, ta zo ta tarar da shi wayam. Na tsane ta a yanzu, ba zan ɓoye miki ba.

Mai Fushi, Gaɓar Kudu

Mai Fushi, ajiye tulun nan. Wanda ya sace tokar ubansa ba gwanin teku ba ne, ɓarawo ne.

A kan ruwa da iska kana da gaskiya, ita ma ta yi kuskure da ba ta shawarce ka ba. Amma ka karanta jadawali, ba ka karanta wasiƙarka ba. Wadda ta yi ƙuruciyarta a mota tana kallon dutsen nan ta san janyewar ruwa sarai. Yaushe ne wanda bai iya hawan allo ba yake iya takawa da ƙafa har wurin? Ƙarfe biyu. A lokacin da ka zaɓa, gaɓa za ta tsaya tana hangen ku, kai da uban, kamar da.

Ka kira ta yau, ka janye zagin. Ka aro dogon allo mai ɗaukar mutum biyu, ka ce in ta yarda da safiyar, ita ce a gaba riƙe da tulun, kai kana tuƙi. In ta ƙi, ka bi ta da ƙarfe biyu, ku durƙusa ku zuba tokar cikin ruwa a hankali, iska ba za ta samu ba. Abokan Baba su yi dariyarsu, ba ubansu ba ne.

Ina muku ta'aziyya, da fatan teku ta kwanta muku. Wannan karon kada a bar ta a mota.

Anti Bev