Rakiyar da Ta Ƙi Ƙarewa

Goggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da masu taya ki aikin wannan fili. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Litinin, domin ina dab da rasa aikina saboda ladabi. Na san za ki ce wani mai son a yaba masa ne ya rubuto, amma ki daure ki kai ƙarshe, ni kaina ban ga abin yabo a ciki ba.

Ni malamin lissafi ne, shekarata arba'in da ɗaya, kuma shekara biyu ke nan ina koyarwa a wata makarantar sakandare a ƙasar waje. Maiɗakina da 'ya'yanmu mata uku suna gida. An kusa gama musu takardun tahowa, abin da ya rage kawai a sabunta mini kwantiragi a ƙarshen wannan zangon. In ba a sabunta ba, babu izinin zama, babu tahowarsu, ni ne ma zan tattara komatsaina in koma. Autarmu ta haɗa jakarta tun wata uku da suka wuce, kullum sai ta ɗago ta ta nuna mini a waya.

Mutanen nan suna da kirki irin nasu, sai dai ba su san rakiya ba. Ranar da na fara shiga ofishin shugabar makaranta, da muka gama magana ta ce mini sai anjima, ta mayar da idonta kan kwamfuta. Na tsaya ina jiran ta miƙe. Can ta ɗago, ta nuna mini ƙofa da biro, a zatonta na manta inda take. Ni kuwa a gidan da na tashi, ko mai gyaran famfo ne ya shigo, marigayi mahaifinmu sai ya taka masa har bakin titi, kuma duk ɗan da ya bar baƙo ya fita shi kaɗai, ranar sai kunnensa ya gaya masa. Na ce to, kowa da yadda aka raine shi, amma ni ban fasa ba. Duk wanda ya leƙo ajina ina ɗan taka masa, ya yi mini kallon mamaki, in dawo in ci gaba da darasi.

Ana nan sai aka dawo da malamin labarin ƙasa hawa ɗaya da ni. Dattijo ne, shi ma baƙo ne daga wata ƙasa can daban, ya shekara talatin a makarantar, bana zai yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ɗalibai suna ce masa Mai Taswira, ni ina ce masa Baba. Ajina yana wannan ƙarshen baranda, nasa yana wancan, tsakaninmu taku sittin da huɗu. Ba a banza na san adadin ba.

Wata Talata ya zo aron abin goge allo. Na ba shi, na raka shi har ƙofar ajinsa, na yi masa sallama, na juyo. Sai na ji taku a bayana. Na ɗauka wani abu ya manta. Ashe a wajensu, duk wanda ya rako ka, abin kunya ne ka bar shi ya koma shi kaɗai, dole ka mayar da shi ƙofarsa. Shekara talatin wannan tarbiyya tana kwance a jikinsa don ba wanda ya taɓa raka shi, ni na zo na tashe ta. Muka iso ƙofata, ya ɗan rusuna, ya juya. To Goggo, dattijo mai furfura ya tako har ƙofata, ai ya sake zama baƙona ke nan, da wane ido zan tsaya ina kallon ƙeyarsa? Na bi shi. Ya dawo da ni, na mayar da shi. Sawu bakwai muka yi a ranar, abin goge allon yana hannunsa, sai ƙararrawa ce ta raba mu.

Kada ki ce ba mu nemi mafita ba. Mun yi yarjejeniya mu riƙa rabuwa a tsakiya, daidai jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango. Sai ga wata sabuwa, wai wa zai fara juya wa wani baya. Muka koma tafiya da baya da baya, kowa yana ɗaga wa ɗan'uwansa hannu, har ranar da Baba ya ci karo da bokitin mai shara ya zauna daɓas a ƙasa. Dole na ɗaga shi na kai shi ƙofarsa, shi kuma da ɗingishinsa ya dawo da ni. Na gwada sulalewa ta matakalar baya don in ajiye masa wasu takardu ba tare da ya gan ni ba, sai na tarar da shi a kan matakalar, takalmansa a hannu, shi ma zai kawo mini nawa a ɓoye. Muka gaisa, muka raka juna.

Ɗalibai ba su daɗe ba suka gano mu. 'Yan ajina suka ware gefen allo suna jan layi duk sawu ɗaya. 'Yan ajinsa kuwa suka ƙware wajen ɓoye masa abin goge allo don ya zo aro. Sauran malamai sai su fito ƙofar ɗakin malamai da kofunan shayinsu suna kallo, malamar motsa jiki har ta tambaya ko za mu yarda ta riƙa ba da misali da mu.

Abin ya fashe ne ranar da sufeto ya zo duba darasina. Ya zauna a kujerar baya da littafinsa, na fara lafiya ƙalau, minti tara ina zuba lissafi, ni kaina ina jin daɗin kaina. Sai Baba ya ƙwanƙwasa, ya kawo mini rajistar da na manta a ɗakin malamai. Wallahi na yi niyyar tsayawa, har gefen tebur na riƙe, amma ƙafafuna ba su nemi izinina ba. Shi kuma sufeto dokar aikinsa ta ce ya kasance duk inda malami yake har darasi ya ƙare, sai ya biyo mu. Mu uku muka yi ta kai da kawo, yana tafiya yana rubutu. A rahotonsa ya ce darasin minti arba'in ne, tara a aji, talatin da ɗaya a baranda, kuma akwai kyakkyawar mu'amala tsakanin malaman biyu.

Shugaba ta kira mu ofis. Ba ta ɗaga murya ba, ta tambaya wace irin rigima ce tsakaninmu. Muka ce babu. Ta ce tsarin makaranta bai tanadi matsalar da ba rigima a cikinta ba, fom ɗaya ne da ita, na saɓani tsakanin ma'aikata, mai gurbi biyu: mai ƙara da wanda ake ƙara. Wanda aka samu da laifi zai karɓi takardar gargaɗi, mai takardar gargaɗi kuwa ba a sabunta masa kwantiragi. Na karɓi biro na sa kaina a gurbin wanda ake ƙara, tunda ni na fara rakiyar. Baba ya fizge biron ya sa kansa a ƙarƙashina, wai shi ne babba, shi ya kamata ya fara tsayawa. Kwamfuta ta ƙi karɓar fom mai masu laifi biyu ba mai ƙara. Shugaba ta ce zuwa Litinin in ba a sami mai ƙara ɗaya ba, mu biyun za mu sha gargaɗi.

Yanzu dai an sami rigimar da ake nema. Mun yi cacar baki a kan wa ya fi laifi, har ya ce mini yaro mai taurin kai. Kwana uku ke nan ba ma magana. Jiya muka haɗu a baranda, kowa ya ɗaure fuska, na kai shi ƙofarsa, shi kuma ya dawo da ni a fusace.

Na gaya wa maiɗakina a waya. Ta yi dariya har ta ajiye wayar, da ta dawo kuma babu sauran dariya a muryarta. Ta ce in sa tsohon a gurbin wanda ake ƙara, ai ritaya zai yi, gargaɗi ba zai rage shi da komai ba. Ta ce ita ma shekara biyu ke nan tana kai yara makaranta da asibiti ita kaɗai, ba wanda ya taka mata. Tana da gaskiya. Amma fayil ɗin Baba shekara talatin babu ɗigon tabo, ya taɓa gaya mini haka yana murmushi. Ban faɗa masa cewa tahowar iyalina ta rataya a kan kwantiragin nan ba, kunya ta hana ni, kada ya zama kamar roƙo nake yi.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Ina son tafiyar nan, Goggo. A nan sai ka wuni ba wanda ya tambaye ka yadda ka kwana. A cikin taku sittin da huɗun nan na ji labarin matarsa kaf, shi kuma ya haddace sunayen 'ya'yana, har yana tambayar haƙorin auta da ya fita. In na sa shi a fom, na ci amanar mutum ɗaya tilo da ya taɓa taka mini a ƙasar nan. In ban sa shi ba, me zan ce wa mai jaka?

Naki,
Malamin Lissafi Mai Ciwon Ƙafa

Ɗana Malamin Lissafi,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko ina share hawayen dariya, na biyu ina tunanin autarka da jakarta. Bari mu yi sauri, Litinin ta matso.

Shugabarku ba ta zalunce ku ba. Fom ɗinta ne bai dace da ciwonku ba, amma ciwon yana nan. Ka ce marigayi mahaifinka bai yarda a wofintar da baƙo ba. To yaran nan da iyayensu suka turo ajinka su ma baƙinka ne, ka bar su zaune ka bi mutum ɗaya, kuma ba sau ɗaya ba. Da yana raye, ba na jin zai sa maka albarka a kan wannan. Tarbiyyarka ba ta da aibi, ta Baba ma haka. Lokacin da kuka ba ta ne ba naku ba ne, na yara ne.

Ka kuma lura, abin da kuke yi da fom ɗin nan ma rakiyar ce kuka mayar kan takarda. Kai ka tura shi ga tsira, shi ya dawo da kai, ƙarshenta ku biyu ku faɗi, ba wanda ya amfana.

Kafin Litinin ka je ka sami Baba, ka ba shi haƙuri a kan cacar baki, ka gaya masa zancen takardun iyalinka dalla-dalla. Ɓoye masa da ka yi ba mutunta shi ba ne, kana yanke hukunci ne a madadinsa. Sannan ku rubuta takarda ɗaya ku biyu, ku amsa laifinku, ku yi alkawarin cewa daga ƙararrawar shiga zuwa ta fita ba wanda zai ƙetare dokin ƙofarsa, ku kuma faɗi yadda za ku rama wa yara darussan da suka rasa. Ku tafi da wakilin ƙungiyar malamai, ku roƙi shugaba ta janye fom ɗin tunda babu saɓani. Ka karanta kwantiraginka da kyau, ka gani da idonka ko da gaske gargaɗi ɗaya yana hana sabuntawa. Kwamfuta dai mutum ke danna ta, kuma matar da ba ta ɗaga muku murya ba bayan wancan rahoton, ina kyautata zaton za ta saurare ku.

In ta dage sai mutum ɗaya, kada ka sa Baba a bayan idonsa. Amma in ya ji komai, ya auna abin da gargaɗin zai jawo masa, ya ce shi ya ɗauka, to ka karɓa, ka yi godiya, ka rufe bakinka. Kai ka iya yin alheri, karɓarsa ne ba ka iya ba, kuma akwai ɗan girman kai a cikin haka. Dole wata rana ɗayanku ya yarda a kai shi ƙofarsa ya shiga ya zauna. Maiɗakinka da yara suna da haƙƙi a cikin wannan kwantiragi, ba naka ba ne kai kaɗai da za ka yi kara da shi.

Tafiyar kuwa kada ku daina, ku sauya mata lokaci. In an tashi daga makaranta ku jera zuwa tashar bas, can ba ƙofar kowa ba ce. Wanda motarsa ta riga zuwa ya hau, direba ba zai jira ku gama ladabi ba.

Allah ya sa a sabunta maka kwantiragi, ya ba Baba ritaya mai albarka, ya kawo maka iyalinka lafiya. Ranar da za su sauka, ka tafi tarya tare da shi, ka bar shi ya ɗauki jakar auta. In ya rako ku har gida, kada ka mayar da shi. Ka jawo shi ciki ku ci abinci.

Taku,
Goggo