Langar Matata Tana Cikin Kayan da Kuka Kwashe

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Gyaran Tasha da Kasuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya ƙara wa shugaba lafiya da yawan rai. Ni ne Mamman mai faci, wanda rumfarsa ke gefen ƙofar shiga tasha, a hanyar Mai'adua. Na zo ofis sau da dama ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Ranka ya daɗe, matata Hajara ta rasu damina biyu da suka wuce, ta bar mini yara uku. Babban yana aji huɗu, autar kuwa, Ummi, ko makarantar allo ba ta fara ba. Na gwada girki da kaina, tuwon ya fito da gudaji kamar an zuba tsakuwa, yaran suka ci don tausayina. Kuma ka san halin garinmu: magidanci ya tsaya gaban mai tuwo yana miƙa kuɗi, kafin ya kai gida an gama da shi a majalisa.

Iya Tabawa ce ta rufa mini asiri, tsohuwar da ke sayar da tuwo a rumfar bayan tasha. Ita ta ce mini, “Ɗan nan, ka daina kai wa marayu abinci a leda. Kawo mini langar uwarsu.” Tun daga ranar, da safe in zan fito aiki sai in ajiye mata langar, bayan la'asar in bi ta bayan rumfa in ɗauka a rufe, an ɗaure ta da ɗankwali kamar daga gidan dangi aka aiko. Kuɗin da nake ba ta bai kai na faci biyu ba, amma mu huɗu muke ƙoshi, har a yi ɗumame da safe. Ta san Hajara na sa daddawa da yawa a miyar kuka, haka ita ma take yi mana. In na buɗe murfin nan a tsakar gida, yaran suka kewaye shi, wallahi sai in ji kamar matata na ɗaki za ta fito da ruwan wanke hannu.

Ga kukana.

Na ɗaya. Ranar Litinin ta farko bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, ma'aikatanku suka rushe rumfunan mata masu abinci, suka loda tukwane da kwanuka a mota. Dalilin da aka ba mu shi ne cuɗanyar maza da mata. Ni ba maƙiyin Shari'a ba ne. Ranar da aka ƙaddamar da ita har muryata ta dushe don kabbara. Amma Iya Tabawa ta yi jika da ni, haƙoran gabanta ma sun zube, kuma tun kafin ku faɗa ta kafa zana tsakaninta da masu ci. Wace fitina aka gani a wurinta?

Na biyu. An ce mu koma sabon gidan abincin da aka ba wa fili a bakin titi. Na je. Faranti ɗaya na shinkafa ya fi kuɗin langarmu gaba ɗaya, kuma ba su zuba abinci a kwanon mutum, sai a robarsu, ita ma da kuɗinta. Wannan wuri na masu mota ne. 'Yan dako, da direbobin Dutsi, da maƙwabcina Inyamuri mai sayar da kayan babur, wanda miyar Iya ta raba shi da girkin kansa, yanzu duk rogo da ƙuli muke yini a kai. Mu manya mun iya haƙuri, yara fa?

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Langar Hajara tana cikin rumfar Iya a safiyar da aka rushe ta. Ita kaɗai ta rage daga kayan jerenta, sauran 'yan'uwanta sun kwashe bayan arba'in. Fara ce mai furanni shuɗi, bakin murfin ya ɗan ɓantare, a gindinta akwai ɗigon jan farce guda biyu da ta sa da hannunta don kada ta ɓace a gidan biki. Ummi ba ta san fuskar uwarta sosai ba, langar nan ta sani. In na shigo da awara ko taliya a leda, sai ta kawar da kai ta ce, “Baba, wannan ba na Umma ba ne.” Yarinyar tana ramewa ina kallo.

Don haka nake roƙo, ranka ya daɗe. A ware wa matan nan wuri, ko da katanga da ƙofar mata daban, mu za mu yi aikin gayya mu gina. An ce Iya Tabawa ta koma wurin ɗanta a garin Babban Mutum. In kun yarda, ni zan ɗauko ta a babur. In kuwa wannan ya yi nauyi, to a buɗe mini ɗakin da aka tara kayan, a bar ni in juya kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Ko tara za ku ci ni, zan biya.

Allah ya dafa maka a wannan shugabanci, ya raya maka zuri'a, ya sa kada 'ya'yanka su taɓa neman uwarsu a gindin kwano.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mamman mai faci,
bakin tasha, Daura.