Man Janareton Malam

Litinin, 7 ga Afrilu
An sallamo Malam, maigidana, daga asibiti da na'urar da ke ba shi iskar numfashi. Likita ya ce kada a bari ta tsaya. Wuta kuwa a Gyadi-Gyadi sai yadda Allah ya yi. Yanzu numfashinsa yana hannun Allah, sannan ƙaramin janaretonmu, wanda ban taɓa ko jan igiyarsa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu
Daga kwance yake koya mini haɗin man janareton. Fetur, sai baƙin man mota da ya rage a galan tun yana tuƙi. "Mai duk mai ne, Kande, zuba kawai." Na zuba. Hayaƙi har ɗakinsa, tarin ya ƙaru.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Ya mutu bayan Azahar. Janareton nake nufi, Astagfirullah. Na yi ta ja, shiru. Leɓen Malam ya fara sauya launi. Josephine, nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu, ta jefo mana wayar wuta ta katanga daga nasu janareton. Ban iya cin abinci ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Murtala mai gyara ya zo daga Unguwa Uku. Ya kwance injin a tsakar gida, ya nuna mini fulogi baƙi ƙirin, da fistin, ƙarfen da ke kai-komo a ciki, duk zane kamar an ja ƙusa. Wai wannan irin injin tare da fetur yake ƙona mansa. Man mota akwai sinadaran da aka ƙara masa don ya daɗe a cikin inji, ba don a ƙona ba. Idan ya ƙone sai ya bar toka, tokar ta daskare, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Man wannan injin daban ne, ana ce masa tu-ti, an haɗa shi ya bi fetur, ya shafe ƙarfen, ya ƙone ba saura sosai. Ya bar mini kwalba ɗaya.
"Hajiya, ya yi muku kara. Wani karon bugawa zai yi gaba ɗaya."
Malam ya jiyo ta taga. "Tun ba a haife ka ba nake zuba wannan man!" Tari ya sarƙe shi. Ya ce kada in kuskura in canza.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsallake maganarsa ba. Na yi istihara. Na tsaya da galan a hannun dama, kwalbar Murtala a hagu, na jiyo numfashinsa ta labule.
Na zuba na kwalbar. Allah ka gani.

Talata, 15 ga Afrilu
Ya ce ƙarar ta yi laushi, hayaƙin ya ragu. "Kin gani? Maina ne." Na so in yi shiru, amma shirun ƙarya ne. Na faɗa masa. Ya juya fuska bango. Ko kunu bai karɓa daga hannuna ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu
An ɗauke wuta ana kiran salla. Ja ɗaya ya tashi. Da na shigo, bai dube ni ba ya ce, "Murfi nawa kike sawa?" Na faɗa. Ya ce to.
Hannuna har yanzu warin fetur bayan alwala. Ban sake wankewa ba.