Janar Ya Ƙi Tashi daga Peijiagou

Peijiagou,
Tara ga wata na uku.

Zuwa ga Yayana Mancang,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma tarin nan da ka ambata ya sake ka. Safa da rigar sanyin da na aiko, masu tsaron gidan yarin sun miƙa maka kuwa? Mu nan lafiya lau. Baba na gaishe ka. Mijina Fugen ma yana gaishe ka, nauyinka ne ya hana shi rubutawa da hannunsa. Ka daina jin haushinsa, Yaya. Kai ka fasa wa mai gadin kamfanin kwal kai aka ba ka shekara uku, shi kuma yana shiga ramin kamfanin kullum don mu samu abin sawa a baka. Ni ce a tsakaninku, kuma na gaji.

Abin da ka yi ta faɗa ya tabbata. Rijiyar gabas ta ƙafe ƙaf, gonar alkamarmu ta tsage gida biyu, har akuyar Goggo Jing ta karye ƙafa a ciki. Makon jiya shugaban ƙauye Baoshan ya tara mu ya karanta takarda: ƙasar nan ta zama kogo daga ƙarƙashi, kowa ya tashi kafin sanyi ya shigo. An gina mana benaye a bakin gari, hawa shida, da famfo a cikin ɗaki. Mata har da tafi.

Baba ne kaɗai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Baoshan, a wane hawa aka sa Janar?"

Gunkin Janar na ɗakin bautarmu yake nufi. Aka fashe da dariya. Baoshan ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, takardar ta mutane ce masu katin shaida. Janar Guan yana da kati?"

Baba ya ce, "Da kakanka ya kwanta ciwon da ya kusa kai shi, wa kakarka ta roƙa? Katin?"

Washegari ya tara dattawa a ɗakin Janar. Ya share daɓe, ya kunna turare, ya durƙusa ya karkaɗa gorar ƙuri'a har tsinke ya faɗo. Sau uku yana tambaya ko Janar ya yarda a tashe shi, sau uku yana duba littafin fassarar ƙuri'a yana cewa amsar ita ce a zauna. Goggo Jing ta kira sunan Baba ta ce, "Deshun, kai kake karkaɗawa, kai kake karantawa, kai kake fassarawa. Anya Janar na samun bakin magana?" Bai kula ta ba.

Yaya, bangon bayan ɗakin Janar ya tsage har hannuna na shiga. Ina tsaye ina kallon jar fuskar nan da dogon gemun nan da muke ɓuya a bayansu muna yara, sai na ji daɓen yana rawa kaɗan a tafin ƙafata. Na san ana fasa dutse a ƙasa, na kuma san Fugen yana can. Ban faɗa wa kowa ba.

Ka rubuta wa Baba, ko zai ji taka. Ka ci duk abin da suka ba ka ko ba daɗi.

Ƙanwarka,
Lanying.

Peijiagou,
Sha shida ga wata na biyar.

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan zafin nan bai takura muku a ɗaki ba. Takardarka ta iso. Baba ya sa na karanta masa sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce rubutunka ya gyaru. Abin da ya ce ke nan kawai.

An yi bikin ran sha uku, ranar da Janar ke wasa takobinsa don ya yi kaifi. Gida goma sha ɗaya suka rage a ƙauyen. 'Yan wasan dandali sun ƙi zuwa, wai ba za su hau dandamalin da ya karkace ba. Ba wanda zai iya ɗaga babban takobin tun da ba ka nan. Tsofaffi biyu suka ɗauke shi a kwance kamar gungume, suka zaga fili da shi sau ɗaya suka jingine. Mun ajiye kwanon ruwa a gaban Janar don wasa takobi kamar kullum, muka yi ta kallon sama muna jiran ruwan da aka saba samu a ranar. Ko ɗigo bai sauka ba. Goggo Jing ta ce ruwan ma ya koma bene.

Na dafa taliya a babbar tukunya, mu ashirin da 'yan kai muka zauna a inuwa. Ana cikin ci Baba ya miƙe, ya ajiye kwanonsa, ya ce yana da magana. Yaya, ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ya ce Janar ɗin nan da muka sani ba shi ne na farko ba. Na farkon ya fi shekara ɗari biyu a wurin. A zamanin da samari ke ɗaura jan ƙyalle a damtse suna farfasa kayan kakanni, an zo ƙauyen nan ma. Kowa ya ja baya, ba mai son ya fara taɓawa. Shi, Babanmu, yana ɗan shekara ashirin da biyu, shi ya hau ya zura igiya a wuyan Janar, shi ya ba da murya aka ja. Ya ce kan ya gangaro har bakin ƙofa yana kallonsa. Kakanmu bai sake cin abinci a tebur ɗaya da shi ba har ya mutu.

Ni dai na ajiye kwanona. Duk rayuwarmu mun san Baba a matsayin mutumin da ya yi shekara shida yana yawon ƙauyuka yana roƙon katako da bulo har aka sake gina ɗakin. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka haka aka halicce shi.

Sai Goggo Jing ta ce, "Haba Deshun, wannan ne sirrin? Ai ni na riƙe maka tsani. Zauna ka ci, taliyarka na hucewa."

Tsofaffin suka yi 'yar dariya. Ashe duk sun sani, mu yara kaɗai aka bari a duhu. Amma Baba bai zauna ba. Ya juya wajen Baoshan ya ce, "Sau ɗaya na fitar da shi daga ɗakin nan. Hannuna ba zai yi na biyu ba, kuma ba zan tafi in bar shi ba."

Baoshan ya ce, "Kawu, ƙasa ce za ta hadiye ku ku biyun."

Ya ce, "To ai ba za mu yi kaɗaici ba."

Na bi shi gida ina kuka ina roƙo. Na ce ya tuna da jikarsa, na ce ya tuna kai za ka fito ka tarar da shi. Ya dafa kaina kamar ina 'yar shekara biyar, ya ce in je in wanke tukunya.

Me zan yi, Yaya? Ba zan iya ɗaukarsa a baya ba. Da kana nan da ko ihu ka yi masa.

Janar ya tsare mini kai.

Ƙanwarka mai kewarka,
Lanying.

Sabuwar unguwa, hawa na huɗu,
Biyu ga wata na tara.

Yayana Mancang,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da na daɗe ban rubuto ba. Sau uku ina farawa ina yaga takardar. Baba yana raye, wannan na fara faɗa maka don hankalinka ya kwanta. Yana asibitin gari.

Mun tashi tun wata na bakwai. Aka yanke wuta, aka toshe hanyar mota, Baba kaɗai ya rage da karen gidan su Baoshan da ya ƙi bin masu shi. Kullum da hantsi nakan hau keke in kai masa kunun gero da gurasa. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin Janar.

Kada ka zagi Baoshan, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya samo rumfa a bayan ofishin sabuwar unguwa, ya ari tarakta, ya ɗauko wani tsohon magini daga nesa. Mutumin ya zaga Janar, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce laka ce da ciyawa a kan gungumen da aka binne a ƙasa, in aka ɗaga zai zube kamar gari. Baba ya ce, "Kun ji? Ni ban ce komai ba." Har shayi ya dafa wa mutumin don murna.

Ruwan da ya ƙi zuwa a wata na biyar ya zo a na takwas, kwana tara ba tsayawa. Kwana biyu kwari ya cika ban iya hayewa ba. A rana ta uku ni da Fugen muka tafi a ƙafa, taɓo har gwiwa. Tun daga nesa na ga rufin ya rusuna ta baya. Bangon ya faɗi waje, rabin rufi ya bi shi, ruwa na zuba kai tsaye a kan Janar.

Baba yana tsaye a kan teburin turare. Ya lulluɓe Janar da bargonsa, da rigarsa, da ledar taki, ya ɗaga laima a kan fuskar da hannu biyu. Ban san tun yaushe yake tsaye a haka ba. Leɓɓansa sun yi shuɗi, jan ruwa na gangarowa ta ƙarƙashin bargon zuwa ƙafafunsa. Na kira shi bai waiwayo ba. Fugen ya hau ya rungumo shi ta ƙugu ya saɓa a kafaɗa. Baba yana dukan bayansa yana cewa, "Sauke ni, ɓeran rami! Kai ka cinye ƙasar, yanzu ni za ka cinye?" Fugen na tafe hawaye na bin fuskarsa, bai sauke shi ba sai bakin kwalta.

Likita ya ce sanyi ya kama huhunsa, kuma hannun dama ya mutu. Magana na fita da ƙyar. Kullum na shiga tambaya ɗaya yake yi mini, ko an rufe Janar. Kullum in ce an rufe, Baoshan ya sa tanti.

Ba a sa ba, Yaya. An kafa shinge, an hana kowa shiga. Shekaranjiya na zaga ta gonar tuffa na shiga ni kaɗai. Kan Janar ya narke, kafaɗu sun zube, gungume ne tsaye da ciyawa da 'yar jar laka a gindinsa. Na durƙusa na fara tattara lakar da hannu ina tarawa a gefe. Ban san amfanin yin haka ba, na dai kasa tsayawa kawai in kalla. Daga can na wuce asibiti da kununsa.

Ya yi tambayarsa, na ba shi amsata. Ina ba shi kunu a cokali sai na ga ya daina haɗiya, ya zuba wa yatsuna ido. Jar ƙasa ce cike a ƙarƙashin farcena. Ya daɗe yana kallo. Na jira ya yi kuka ko ya zage ni, bai yi ko ɗaya ba. Da ƙyar ya haɗa kalmomin ya ce, "Lanying, kar ki wanke a famfo. Ki wanke a kwano, ki zuba ruwan a gindin itace."

Sannan ya juya fuskarsa bango. Na yi yadda ya ce, a gindin wata magarya a bayan asibitin. Jiya da yau bai tambaye ni komai ba, kuma cokali uku kawai yake karɓa.

Saura maka wata goma sha huɗu. Na nemi izinin kawo maka ziyara a ƙarshen wata, in sun yarda zan zo da magarya busasshiya. Ka rubuto masa da manyan baƙaƙe yadda zai iya gani da kansa, kuma kada ka jinkirta.

Fugen na gaishe ka. 'Yata Xiaoman ta ce in gaya wa Kawu ta iya rubuta sunansa.

Ni ce ƙanwarka,
Pei Lanying.